Bututun ruwa a ƙarƙashin sabuwar kwata: nazarin abin da ya faru a wani layi a birnin Kano

Lamarin da wannan rubutu ya bibiya ya faru ne a wani layi na wata tsohuwar unguwa a cikin birnin Kano, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina. Ba zan ambaci sunan unguwar ba, haka ma kamfanin da ya yi aikin, domin irin wannan yana faruwa a unguwanni da yawa. A taƙaice, an zo gina sabuwar kwata, bakin katafila ya ƙwarzani babban bututun ruwan famfo, aka ɗaure wurin da roba, aka zuba kankare a kai, aka kama gaba. Daga nan bututun ya riƙa zubar da ruwa mai tsabta cikin kwata idan an kawo ruwa, yana kuma shan ruwan kwatar idan an ɗauke, har tsawon watanni babu wanda ya gani. Na tattara bayanin daga bakin mai unguwa, da wani dattijo tsohon ma'aikacin ruwa, da mai kemis ɗin bakin layin, da biyu daga cikin leburorin da suka yi haƙan. Ramin kuma na gan shi da idona ranar da aka tone.

Ruwan famfo a Kano ya tsufa. Tun farkon shekarun 1930, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara turo ruwa daga Challawa zuwa cikin gari. Daga baya aka kammala madatsar Tiga a 1974, a mulkin Audu Bako, aka ƙara matatun ruwa na Tamburawa da Watari, ga kuma tankunan Goron Dutse da ke raba wa sassan birni. Kowane zamani ya binne irin nasa bututun: na baƙin ƙarfen zubi, na siminti da asbestos (wani ma'adini mai zare-zare), sai na roba da ake sawa yanzu. A saman ƙasa kuwa gari bai tsaya ba. An faɗaɗa tituna, an ɗaga su da burji, an shimfiɗa kwalta a kan kwalta, shaguna sun matso gaba. Bututun da aka binne a gefen hanya shekaru arba'in da suka wuce, yau yana iya zama a tsakiyar titi, ko ƙarƙashin barandar mai shayi.

Na wannan layin irin na siminti da asbestos ne, mai faɗin inci 6. Irinsa ba ya tsatsa, wannan ne amfaninsa, amma ba shi da haƙuri da duka. Ƙarfe yakan loɓa, roba takan lanƙwasa, shi kuwa tsagewa yake yi.

Ranar da aka taɓa shi

Aikin kwatar abu ne da mutanen layin suka daɗe suna roƙo, domin duk damina ruwa yakan shiga gidaje. Da katafila ta iso yara har rakiya suka yi mata. Takardar da ɗan kwangila ya zo da ita ta nuna faɗin kwata da zurfinta da kaurin kankare, amma babu ko layi ɗaya da ya nuna abin da ke binne a ƙasa. Ba a tambayi masu ruwa ba, wato hukumar ruwan famfo, ba a tambayi mai unguwa ba, ba a kuma haƙa ramin gwaji da hannu ba.

Ɗaya daga cikin leburorin ya ba ni labarin yadda aka yi. Wajen sha ɗayan safe bakin katafila ya goge wani abu mai tauri, suka ji ƙara, direba ya tsaya. Da suka share ƙasar da shebur sai ga bayan bututu fari-fari, an ɗauke masa fata kamar tsawon tafin hannu, da wata siririyar tsaga da ta zagaya gefe. Ko ɗigon ruwa bai fito ba, domin ranar babu ruwa a layin, kwana uku ke nan ba a kawo ba. Leburan ya ce wa shugaban aikin, "Oga, wannan fa na ruwa ne, ya kamata a kira masu shi." Shi kuwa ya leƙa ya ce, "Ai matacce ne, ka ga ruwa a ciki?" Duk da haka ya sa aka yanko robar tsohon tub ɗin mota aka naɗe wurin, aka ɗaure da wayar ƙarfe. Wanda ya tabbata bututu matacce ne ba ya ɗaure shi, amma mu bar wannan. Kafin la'asar an kafa katako, washegari aka zuba kankare. Bangon kwatar ya zauna daidai kan bututun, babu yashi a tsakani, babu komai. Ramin gefe kuma aka cika shi da ɓaraguzan bulo da duwatsun da aka tono.

A garin da ruwa yake gudana dare da rana, irin wannan ɓarnar tana tona kanta nan take: ruwa ya yi tsartuwa sama, aiki ya tsaya, a kira masu gyara ko ana so ko ba a so. A Kano, inda bututu yake wuni a bushe, wanda ya fasa shi yakan gama aikinsa ya karɓi kuɗinsa kafin ruwan ya zo ya ba da shaida.

Abin da ya riƙa faruwa a ƙasa

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimci lamarin, domin mafi yawan mutane suna ɗauka illar fashewar bututu ita ce asarar ruwa. Asarar tana nan, amma ita ce ƙarama.

Bututun da ke cike da ruwa yana da matsi a cikinsa, yana turawa waje. Ko da ya tsage, ruwa fita yake yi, datti ba ya samun hanyar shiga. Da zarar an rufe ruwa daga sama, wanda ya rage a ciki yana gangarawa gidajen da ke ƙasa, sai cikin bututun ya koma zuƙa. Ƙari a kan haka, gidaje da dama a layin sun haɗa ƙaramin injin jan ruwa kai tsaye da bututun, don su cika tankunansu kafin maƙwabta. Injin ba ya sanin ruwa ya ƙare, ja kawai yake yi. Abin ya zama kamar mai zuƙar lemo da tsinken da ya huje a tsakiya: duk abin da ke kusa da hujin shi ma yana shiga. Abin da ke kusa da wannan tsagar kuwa ƙasa ce da ta jiƙe da ruwan kwata, kwatar da wankin kwanuka da na banɗaki, da abin da ya tumbatso daga masai lokacin ruwan sama, duk suke bi ta cikinta.

Idan an sake kawo ruwa, ba a hankali yake shigowa ba. Yana tarar da bututu cike da iska, ya tunkuɗo ta gaba. Kowa a Kano ya san wannan: famfo ya yi ta huci da tari cikin dare kafin ruwa ya fito. Wannan tarin bugu ne a jikin bututun, matsi yana hawa yana sauka a cikin daƙiƙa. Lafiyayyen bututu yana ɗauka. Wanda ya riga ya tsage, kuma ga bangon kankare a kansa, ga dutse mai kaifi a ƙarƙashinsa, ga tifofin yashi suna wucewa ta gefe, kowane zuwan ruwa ƙara buɗa shi yake yi. Robar tub ba ta riƙe komai ba, ta dai hana ruwan tsartuwa, ta mai da shi malala.

Kuma malalar ba ta fito titi ba. Ta sami haɗin da ke tsakanin zubin kankare biyu ta shiga cikin sabuwar kwatar. Wa zai ga ruwa a cikin kwata ya yi mamaki?

Alamun da aka gani ba a haɗa su ba

Alamu sun zo ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sami wanda ya fassara ta daban. Gidajen ƙarshen layi suka ga ruwa ya rage ƙarfi, suka ce masu injin ne suka shanye. Mata suka lura ruwan farko yana zuwa da launi da ɗan wari, sai suka riƙa barin bokiti biyu su zube kafin su tara na sha. Dabara ce mai kyau, ta kuma rage cutar, amma ta sa aka saba da abin. Katangar wani gidan ƙasa da ke daf da wurin ta jiƙe daga tushe har kusan gwiwa, maigidan ya ce damina ce, alhali katangar da ke kallonta a bushe take.

Mai kemis ne ya fara haɗa biyu. Ya ce ya ga masu sayen gishirin haɗa ruwan gudawa sun yawaita, abin da ba baƙo ba ne da damina, amma da ya lura sai ya ga kusan duk daga ɓangare ɗaya na layin suke, daga masallaci zuwa ƙasa. Gidajen sama da masallaci, waɗanda ruwa ke isa gare su kafin ya wuce tsagar, lafiyarsu ƙalau. Haka ma gidajen da ke sayen ruwan burtsatse a hannun 'yan garuwa. An kwantar da wasu yara a asibiti an ƙara musu ruwa, Allah ya sa duk sun tashi. Ya je ya sami mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. A duba famfon nan."

Mai unguwa ya kai ƙorafi inda ya kamata. Aka ce a kawo a rubuce, aka kai. Aka turo mutum biyu da rana tsaka, lokacin babu ruwa, suka zagaya ba su ga inda ke zuba ba, suka tafi. Aka shiga jeka-ka-dawo.

Abin da ya kawo ƙarshen gardama tifa ce. Ta shigo da yashi da sassafe bayan an kwana ana ruwa, tayarta ta baya ta nutse a gefen sabuwar kwata har gatari. Ruwan da ke malala ya daɗe yana kwashe ƙasa mai laushi yana zubawa cikin kwata, ya bar kogo a ƙarƙashin kwalta.

Neman tsagar

Inda tifar ta nutse ba nan tsagar take ba, ruwa yakan yi tafiya a ƙasa kafin ya nuna kansa. Aka tone wurin aka sami laka kawai. Sai wani ya tuna da dattijon da ya yi aikin ruwa shekara da shekaru kafin ya yi ritaya, yana zaune a unguwar da ke maƙwabtaka. Ya ce ba zai zo da rana ba, a kira shi daren da aka kawo ruwa.

Ya zo bayan ƙarfe ɗaya na dare, lokacin da janareto suka yi shiru, riƙe da sandar rodi mai tsawon ƙirji da aka sa wa ɗan katako a kai. Yana dasa bakin rodin a ƙasa, ya ɗora kunnensa a kan katakon, ya ɗan saurara, ya matsa taku uku, ya sake. Matasa na biye da shi da fitilar waya. Wani ya yi magana, ya ɗaga masa hannu. A wani wuri ya daɗe, ya koma baya, ya dawo, sannan ya miƙa wa ɗan mai unguwa sandar ya ce, "Sa kunnenka, yaro." Yaron ya ce, "Baba, ina jin kamar ana soya abu." Ya ce, "To nan ne. Ku sa alama." Wurin ya kai taku goma sha biyar sama da inda tifar ta faɗa.

Kafin a fasa kankare sai an rufe ruwa, a nan aka ci karo da matsala ta biyu: babu wanda ya san inda bawul ɗin layin, wato makullin rufe ruwa, yake. Dattijon ya ce a zamaninsa yana kusurwa, daura da wata bishiyar darbejiya. Bishiyar an sare ta tuntuni, kusurwar kuma ta zama shagon cajin waya. Da mai shagon ya yarda aka fasa daɓen gabansa, aka sami murfin ƙarfen a ƙasa, ƙasa ta cika ramin, sai da aka yi ta zuba baƙin mai kafin ya juya. Duk wannan ilimin yana kan mutum ɗaya da ya haura saba'in.

Gyaran

Da aka fasa bangon kwata aka ga robar tana nan da wayarta, ta yi laushi. Tsagar ta zagaye bututun gaba ɗaya, gefe ɗaya ya sauka ƙasa da ɗan'uwansa har yatsa yana shiga. Ƙasar da ke kewaye baƙa ce, warinta ya isa bayani. A cikin kwatar kuma ga siraran bututan roba na rabin inci da ke kai ruwa gidaje, sun ratsa ta cikin ƙazantar, wasu an haɗa su da leda da roba. Waɗannan ba katafila ce ta sa su a can ba, masu gidajen ne da masu gyaran famfonsu.

An cire tsagin gaba ɗaya daga haɗi zuwa haɗi. Dattijon ya hana a yanka shi da injin yankan ƙarfe a bushe, saboda ƙurar asbestos tana illa ga huhu, aka jiƙa shi aka ɗauke shi a dunƙule. Aka sa sabon bututun roba mai kauri da mahaɗa biyu masu kusoshi, aka shimfiɗa yashi a ƙasa da gefe da sama, aka zura shi cikin wani bututu mafi faɗi a daidai inda ya ratsa kwata, don nauyin kankare kada ya sake hawa kansa. Wannan ɓangaren an yi shi da kyau.

Wanda ba a yi da kyau ba shi ne wankewa. Ƙa'ida ita ce bayan irin wannan gyara a kora ruwa da ƙarfi ta ƙarshen layi har ya washe, a sa sinadarin kulorin mai ƙarfi a bar shi ya zauna, a sake korawa, sannan a gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a sami aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a kowace lita a bakin famfon mai sha. A nan an kora ruwan, amma babu wanda ya zo da abin gwaji. Mai unguwa ya sa aka yi shela a masallaci cewa a tafasa ruwan sha na mako biyu. Wasu sun yi, wasu sun ce gawayi ya yi tsada.

Kuɗin gyara kuwa, ɗan kwangila ya ce ba a ba shi taswirar bututu ba, masu ruwa suka ce ba a sanar da su za a yi haƙa ba, wanda ya ba da kwangilar ya ce an riga an karɓi aiki an biya. Kowannensu gaskiya ya faɗa. A ƙarshe mutanen layi suka yi karo-karo suka sayi kaya, masu ruwa suka kawo ma'aikata.

A ganina direban katafila shi ne mafi ƙarancin laifi, ko da yake shi aka fi zagi. Ba ya ganin ƙasa. Shugaban aikin ya yi ha'inci da ya rufe abin da ya gani. Amma tushen ɓarnar yana cikin takardar kwangilar, wadda ba ta wajabta a nemo abin da ke ƙasa kafin a sa inji ba. Ramukan gwaji da diga da shebur a tsallake layin, aikin rabin wuni ne ga leburori huɗu, da sun nuna bututun kafin katafila ta sauka daga mota.

Idan ba ruwa ba ne a ciki

Dalilin da ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta shi da tsawo shi ne, ba ruwa kaɗai ke bin ƙarƙashin Kano ba. Akwai bututun man fetur da aka ja daga matatar Kaduna zuwa defon Hotoro. Akwai kuma na gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020. Manufarsa a ba masana'antu da tashoshin lantarki gas, ke nan sai an ja rassa zuwa wurare irin su Sharaɗa da Bompai da Challawa, ta ƙarƙashin titunan da ake tonewa kullum.

Bututun mai da na gas na ƙarfe ne mai kauri, an lulluɓe shi da rigar kariya, ana sa masa 'yar ƙaramar wutar lantarki da ke hana tsatsa, ana kuma tura na'ura ta cikinsa lokaci-lokaci tana auna kaurin ƙarfen. Duk da haka abin da ya sami bututun layin nan yana samunsa. Haƙorin katafila ya ƙwarzani rigar ya loɓa ƙarfen, a rufe a yi shiru, tsatsa ta kama daidai wurin, matsi ya yi ta hawa da sauka, bayan watanni ko shekaru ya buɗe. Wani lokaci ma ba ya jira. A Ijegun ta jihar Legas, a watan Mayun 2008, injin aikin titi ne ya fasa bututun mai, wuta ta tashi ta ci gidaje ta kai har makaranta, mutane da yawa suka rasu. A Jesse ta jihar Delta, a watan Oktoban 1998, sama da mutum dubu ne suka mutu a gobarar bututu, da yawansu sun je ɗibar man da ke zuba. Shi ya sa ake barin fili a kan hanyar bututu, ake kafa turakun alama, ake hana gini da haƙa a kai. A gefen gari, inda ake yanka filaye ana sayarwa, turakun nan su ne farkon abin da ke ɓacewa.

A layin da muke magana, mai unguwa ya sa ɗansa ya zana hanyar bututun a littafi bisa bayanin dattijon, da nisan sa daga bangon masallaci da daga turken lantarki, aka yi kwafi aka kai wa masu ruwa. An gina wa bawul ɗin ɗan akwatin bulo da murfi, mai shagon caji ya amince a bar wurin a buɗe. Gidaje shida sun ɗaga bututansu daga cikin kwata, sauran sun ce sai bayan damina. Injinan jan ruwa suna nan yadda suke, kuma leburan da ya ba ni labari ya ce a aikin kwatar sun taɓa bututun a wuri biyu, na biyun yana can ƙasa da shagon tela, ba a tone shi ba tukuna.